Zif a Bayan Dodo

"Haba, ki rage ƙarar nan, marar lafiya ne a kwance," in ji matar tela, tana hararar maƙwabciyarta mai kitso, wadda ta shigo dubiya amma ta ɓige da kallon fim a waya.

Kwana huɗu ke nan da likita ya ce a mayar da tela gida, babu sauran abin yi. Tun ranar ya juya fuska bango, ko uhum. Matarsa kuwa, Allah sarki, ba mutuwar ce ta fi cin ranta ba. Tsoronta kada zaman shekara arba'in ya ƙare bai ce mata uffan ba.

A wayar, wani ƙaton kada ya fito daga kwalbati a kan ƙafa biyu yana korar 'yan kasuwa. Mai kitso ta kasa riƙe dariya.

"Yaya, dubi, dodo da silifas!"

Gado ya yi ƙara. Tela ya juyo.

"Miƙo in gani."

Matar ta karɓi wayar, ta riƙe masa dab da hanci. Ya ƙura ido, ya daɗe.

"Wane mugu ne ya sa wa rigar dodon nan zif a baya? A gefe ake sawa, ƙarƙashin hammata. Kuma soson katifa ne, ko shafi bai yi masa ba."

"Fim ɗin banza ne, Baba, bari in kashe," in ji mai kitso.

"Kul! Ai irinsu ne na kirki. Masu tsadar nan na'ura ce ke zana dodon, ba gumin kowa. Wannan kuwa mutum ne a ciki, ji yadda yake haki. Wani ya zauna ya yanka, ya ɗinka, allura ta soke shi." Ya yi tari, ya dubi matarsa. "Kin tuna rigar da na fara ɗinka miki?"

"Mai hannu ɗaya dogo? Har da ita na je gidanmu."

Suka yi dariya har hawaye. Daga nan baki ya buɗe. Ya faɗi wanda za a ba keken ɗinki, ya nemi ta yafe masa, ita ma ta nema. Sai da kadan ya faɗa rami aka ga ƙafar mai ɗaukar hoto, sannan ya yarda aka kashe.

Washegari da hantsi ya cika, kansa a kan cinyarta.

Da mata suka fara shigowa, sun same ta ta buɗe taga, tana tsince zare daga jikin bargonsa, ɗaya bayan ɗaya.