Ƙafar Gadon Inna

Ƙafar gadon ta karye ne ranar da aka sauke kayan Inna daga motar Zariya a gidan ɗanta a Abuja. Gadon ƙarfe ne na aurenta, mai rumfa, shuɗin fentinsa ya koɗe. Wani ɗan dako ya sake shi a kan matakala, ƙafar baya ta ɓalle, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Aka shigar da shi ɗakinta haka, aka tokare da bulo. Bayan kwana biyu bulon ya zame, Inna ta kusa faɗowa. Tun ranar ta koma kwana a tabarma, a kan tayil.

Mako uku ke nan. Shekararta saba'in da ɗaya, gwiwoyinta duka biyu a kumbure. Kowace safiya ɗanta Nababa yana jin yadda take tashi: ta dafa bango, ta yi salati, ta huta, ta sake gwadawa.

Ya sayo mata sabon gado na katako, ta ce a ajiye wa baƙi. Ya ce to a kai nata wurin masu walda.

"Gadona a bakin titi, kowane mai wucewa ya kalla?" in ji ta. "Ya fita sau ɗaya, da babanku ya rasu kuka ɗauko ni daga Zariya. Ba zai sake ƙetare ƙofar nan ba ina da rai."

"To a kira mai waldar ya zo nan."

"Ƙato ya shigo mini ɗaki? Nababa, zaman ƙasar waje ya taɓa maka kai."

Shi ne ya ce zai gyara da kansa. Ta tambaye shi ko ya san aikin. Ya ce ya sani.

Bai sani ba. A shekaru taran da ya yi a Kanada yana da wani tsohon maƙwabci mai walda a garejinsa duk ranar Lahadi, yana haɗa kujerun da ba wanda ya sa shi. Nababa ya sha tsayawa a taga yana kallo. Ya dawo Abuja, ya kama aiki a sashen ƙididdiga na wata ma'aikata, sha'awar ba ta tafi ba. Wata shida yana kallon bidiyon walda a waya. Yana da jerin injuna goma sha ɗaya a kwamfuta, da nauyinsu da ƙarfin wutarsu. Bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

"Abban Hafsah, da gaske ka ce mata ka sani?" in ji matarsa Sa'adiya da safiyar Asabar, tana kallon shi yana naɗe guntun ƙafar a jarida. "Kai da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ka kira maigadi? In ka ƙona mata gado ba na nan, ina Utako gidan yayata."

Nababa ya sa ƙunshin a mota.

A Dei-Dei sai da ya jira tirela ta gama sauke rodi kafin ya samu wurin ajiye mota. Aka nuna masa layin masu injuna, aka ce ya nemi shagon Promise.

Promise gajere ne mai ƙiba, ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarsa da gudu take fita. "Oga, shigo, shigo! Inji duka tana nan. Wanne kana so?"

Nababa ya karanto sunaye daga wayarsa. Babu ko ɗaya. Akwai dai masu suna kusa da su. Promise ya jere masa guda uku a ƙofar shago. Na farko haɗin gida ne, wayar tagulla a naɗe cikin akwatin katako, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Na biyu ruwan ɗorawa ne mai ƙyalli, an rubuta ƙarfin wutarsa, 400, ɓaro-ɓaro a gefensa. Na uku ƙarami ne, baƙi, bai fi kular abinci ba.

"Wannan ita ce baba," in ji Promise, ya doki mai ƙyallin. "Kowa ita yana saya."

Nababa ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ba nauyi. Ya ce a iya abin da ya karanta, soket ɗin gida ba zai ba da ɗari huɗu ba.

Promise ya kwashe da dariya. "Oga ya yi karatu! Mu a nan ba ruwanmu da takarda. Za ka gwada a gabana, ka gani da idonka. Amma in ka fita layin nan da ita, ta zama naka, ba dawowa."

Ya tayar da janareta, ya jawo wani kakkauran ƙarfe na ƙofar gida, ya maƙala masa waya, ya sa sandar walda a mariƙi. Haske ya tashi. Nababa ya kau da kai. Da Promise ya kankare ɓawon da ya rufe waldar, layin ya fito sumul.

"Ka gani? Me za ka haɗa, get ko tankin ruwa?"

Nababa ya warware jaridar, ya ajiye ƙafar gadon a kan teburin ƙarfen don ya yi bayani.

"Wannan ƙaramin abu? No wahala!"

Kafin Nababa ya buɗe baki Promise ya maƙala mata waya ya dangwala sandar. Daƙiƙa ɗaya. Nababa ya yi ihu, amma ya makara. Da hayaƙin ya washe, akwai rami a gefen bututun, babban yatsa zai shiga. Bakinsa ja, yana komawa baƙi. Fentin kewaye ya ƙone.

Nababa ya kai hannu, zafi ya sa ya janye. Ƙafar guda ce, babu wata.

"Ƙarfen ne ba kyau," in ji Promise, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙarfen ya girme ka, Promise. Kai ne ba ka da hankali."

Wani dattijo ne a bayansu, da kwalin sandunan walda a hammata, baƙin tabarau ɗaure da roba a goshinsa. Promise ya ce Malam Yamusa ke nan, rumfarsa ce a ƙarshen layi. Dattijon ya ɗauki ƙafar da filaya ya juya ta.

"Gadon wa?"

"Na mahaifiyata."

"Tana raye?"

"Tana kwana a ƙasa."

Yamusa ya kalli takalminsa, ya kalli hannuwansa. "Ka taɓa walda, Alhaji?"

Mutum huɗu ko biyar sun riga sun taru. Nababa ya ce a'a.

"To ka fi wannan gaskiya." Ya nuna Promise da haɓa. "Dubi bakin bututun. Bai fi gwangwanin madara kauri ba. Duk wanda ya zo nan tambayarsa ɗaya, ina wutar injin ta tsaya a sama. Kai taka tambayar, Alhaji, ina ta tsaya a ƙasa. Promise, murɗa abin nan naka har ya ƙure."

Promise ya mayar da maɓallin mai ƙyallin zuwa mafi ƙanƙantar lamba. Yamusa ya tsinto ƙafar wata tsohuwar kujera a tarkace, ya taɓa ta da sanda. Ta huje nan take.

"Maɓallin ado ne," in ji shi. "Kawo ƙaramin. Da sanda geji sha huɗu, mafi sirantar da kake da ita."

Da aka haɗa, sai ya miƙa wa Nababa mariƙin da garkuwar fuska.

"Ni?"

"Ni zan shiga ɗakin uwarka?"

Ta cikin gilashin ba a ganin komai. Nababa ya laluba, sandar ta manne wa ƙarfen, injin ya yi gurnani. Ya fizga, ƙafar kujerar ta biyo shi. Aka yi dariya. Wani mai baro ya ce, "Oga, kifi ka kama?" Ya leƙo ta gefen garkuwar don ya ga inda zai taɓa, haske ya mare shi a ido, ya daɗe yana ganin kore.

"Kada ka ja layi, abin da kuke gani a waya ke nan," in ji Yamusa. "Ɗiga, ka ɗaga. Jira jan ya mutu. Sannan ka ɗiga wani a gefensa."

Rami biyar ya yi kafin ɗigo ɗaya ya zauna. Daga nan uku suka zauna a jere. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Amma ya lura da abu ɗaya: in ya rage maɓallin wannan injin, wutar tana raguwa da gaske.

Yamusa ya yanko guntun bututu mai ɗan siranta, ya zura rabinsa cikin ƙafar gadon, ya kama shi da walda ta cikin ramin da Promise ya yi har ramin ya cike. Tabo ya rage, baƙi, kamar kwabo.

"Ɗaya rabin ka zura a jikin gadon. Shi zai tare maka wuta daga ciki. Ka kankare fenti tukuna. In ka ga rami ya fara buɗewa, ka tsaya, kada ka bi shi. In ka cinye na jikin gadon, ba ni da dabara."

Nababa ya sayi ƙaramin, da garkuwa da safar hannu. Promise ya ƙara masa sanduna biyar kyauta, bai kalle shi ba.

Ya iso gida bayan azahar, akwai wuta. Ya cire labulen ɗakin Inna, ya buɗe tagogi, ya fitar da akwatunanta, ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a kan tayil. Shi da Sa'adiya suka kwantar da gadon a gefensa. Ya ce ta je ta tsaya kusa da mitar wuta, in ta ji ya yi kira ta kashe komai.

Inna ta ƙi tafiya falo. Ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa. Da ya warware jaridar ta miƙo hannu, ya ba ta. Ta shafa tabon da yatsa.

"Wannan ƙunar fa?"

"A kasuwa aka yi."

"Ka fita da ita."

"Ƙafar kawai, Inna."

"Ban ce ka fita da ita ba." Ta miƙo masa. "Wa ya taɓa?"

"Mutum biyu."

Ya roƙe ta ta juya baya saboda hasken. Ta juya kujerar da kanta, a hankali, tana nishi.

Ya kankare fentin har ƙarfe ya yi fari. Ya zura ƙafar, ta shiga daidai. Ya maƙala waya, ya duba maɓallin, ya sake dubawa. A durƙushe yake, garkuwa a hagu, mariƙi a hannun dama. Ya jingina gwiwar hannun a cinyarsa.

Taɓawar farko ta manne. Fitilar ɗakin ta dushe, ta dawo.

"Abban Hafsah, in kashe?" Sa'adiya ta ƙwala daga waje.

"A'a!"

Ya murɗe sandar ta saki. Ya sake taɓawa. Ɗigo ɗaya ya zauna. Ya jira jan ya mutu. Na biyu. Na uku. Tartsatsi yana faɗawa kan buhu yana cuu. Ɗakin ya cika da ƙaurin tsohon fenti.

A na bakwai ya daɗe da ƙiftawar ido ɗaya. Ta cikin gilashin ya ga gefen jan ya lotsa, baƙin ɗigo ya buɗe, kamar ƙwayar masara, a jikin gadon, sama da inda bututun ciki ya ƙare. Hannunsa ya so ya bi ramin ya rufe shi. Ya janye. Ya ajiye mariƙin a ƙasa.

"Na ji shiru," in ji Inna, ba ta juyo ba.

"Yana hucewa."

"Ka ɓata?"

"Kaɗan."

"To."

Ya jira har ya iya taɓa wurin da safa. Ya rage maɓallin. Ya ɗiga a bakin ramin, ya ɗaga, ya jira. Ya ɗiga a ɗaya gefen. Sau shida, ramin yana tsukewa, har ya rufe. Sannan ya ci gaba da zagaye ƙafar. Aikin ya ci kusan awa guda. Da ya kankare ɓawon, haɗin ya fito guda-guda, kamar gidan zanzaro. Ba abin da za a nuna wa mutum ba ne.

Suka tayar da gadon shi da Sa'adiya. Ƙafafu huɗu suka taɓa ƙasa. Ya girgiza shi, bai motsa ba. Suka ɗora katifa.

Inna ta juyo da kujerarta. Ta daɗe tana kallon ƙafar.

"Hau," ta ce.

"Gadonki, Inna?"

"Ka fi ni nauyi. In zai karye, ya karye da wanda ya haɗa."

Ya zauna a kusurwar, daidai saman haɗin. Ta ce ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa. Ya ɗage. Ta ce ya motsa. Ya motsa, gadon ya yi ƙara, sai ya gane tsoffin wayoyin ƙarƙashin katifa ne.

"Sauka."

Sa'adiya ta shimfiɗa zanen gado. Inna ta dafa kafaɗarta, ta yi bisimilla, ta zauna, ta ɗaga ƙafa ɗaya da hannu, sannan ɗayar. Nababa ya tsuguna a ƙarshen gadon, idonsa a kan haɗin.

"Tashi ka je ka yi wanka, kana ƙauri," in ji Inna.

"To."

Bai tashi ba sai da ta juya ta fuskanci bango, ya ga ƙafar ba ta motsa ba.