Kwalaben Mukhtari

Muna cikin yi wa gawar Mukhtari wanka Liman ya tsaya a bakin ɗakin, ya ja hanci.

"Mi ka wari haka, Boyi?"

"Maganin kihi na, Malam."

"Warin giya dai ni ka ji."

Katanga ɗaya ce tsakanina da Mukhtari. Masunci ne a tafkin Kalmalo, har lokacin da wani Bature ya zo daga gidan adana kayan tarihi na Ingila, jim kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato. Baturen ba ya cin kifi, aunawa yake yi. Ya ɗauki Mukhtari suka bi gulabe shekara da shekaru, ya koya masa ƙirga ƙayar bayan kifi da jiƙa shi a kwalba cikin ruwa mai warin barasa. Da zai tafi ya bar masa kwalaben ƙarshe, ya ce zai dawo ya ɗauka. Shiru kake ji.

Mukhtari ya tsufa yana toshe bakinsu da kakin zuma. Warin ya kama rigarsa, mutanen Illela suka ce sha yake yi. Ni na san ko goro bai dame shi ba. Ran da ciwo ya kwantar da shi ya riƙe hannuna ya ce, "Kak ka bari su bushe. Amana ta." Na ce to.

Liman ya dubi kwalaben jere a gindin bango, gaiwa da ƙurungu da karfasa, idanunsu fari fat.

"Ban sallatar mutum da wagga aba cikin ɗakinai. A zubar, in tsaya."

Daga bayan asabari Tasalla matar Mukhtari ta ce, "Boyi, rana na yi. Zuba."

Ban ji komai a raina ba. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan gida, na fasa kakin, na tuttule a rairayi. Liman ya tsaya, sahu ya cika, muka kai Mukhtari makwancinsa.

Da na dawo na zaga bayan gidan. Ƙasa ta shanye ruwan, kifayen sun fara murɗewa a rana. Kyanwar Tasalla ta zo ta shinshina ɗaya, ta wuce abinta. Na shinshina hannuna. Warin Mukhtari ne.