Abin da Auta Ya Haɗiya

Tela ce, kayan yara take ɗinkawa a falon gidanta, kekenta a jikin taga inda haske ya fi shiga. 'Ya'yanta biyu. Babbar 'yar shekara biyar ce, ubanta ya laƙaba mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Sai Auta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai bakinsa ya gwada.

Ran nan da rana ta zagaya baya kwashe shanya. Tana dawowa da kaya a kafaɗa ta tarar da Auta zaune a gindin keke, yawu na dalala har ƙirjinsa, yana ta kakarin amai ba abin da ke fitowa. Ta zura yatsa a bakinsa, ba komai. Ta ba shi ruwa, ya kau da kai yana wani siririn kuka da ba ta taɓa ji ba. Aku na raɓe a bayan ƙofa, hannuwa a baya.

Ta tambaye ta me ya ci. Aku ta sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, ta daka mata tsawa, ta girgiza ta. Yarinyar da ke iya kwashe rabin yini tana ba da labarin kyankyaso ɗaya ta kafe kamar an ɗinke mata baki.

Asibitin unguwarsu ƙarami ne, ɗaki biyu da benci, ba na'urar ɗaukar hoto. Likitan ya haska maƙogwaron yaron da tocila, ya saurari ƙirjinsa, ya ce wani abu ya haɗiya kuma ya maƙale a hanya. Babban asibiti za su tafi da zarar mijinta, wanda direba ne, ya iso da mota. Amma can layi ne ba iyaka. Likitan ya ce in ya san abin da yaron ya haɗiya, zai buga musu waya su san irin gaggawar. Maɓalli yana iya jira. Akwai abubuwan da ba sa jira.

Nas ta lallashi Aku da alewa, ba ta karɓa ba. Wata tsohuwa a kan benci ta ce a nuna mata allura, yanzu za ta yi bayani. Yarinyar ta ƙara shigewa lungu. Uwar ta ji tafin hannunta na ƙaiƙayi, saura ƙiris ta ɗauke ta da mari. Auta ya yi laushi a kafaɗarta, yawunsa ya jiƙa mata wuya, numfashinsa na fita da ƙara. Ta kira mijinta, ya ce cunkoso ya riƙe shi a gada. Ta kashe wayar.

Akwai wani wasa da ta ƙirƙiro don Aku ta bar ta ta yi ɗinki. Takan zuba tarkace a jakar ƙyalle: ɓawon lemo, makulli, guntun leshi, murfin kwalba. Aku ta rufe ido ta laluba, ta shinshina, ta faɗi abin da take gani a cikin kanta. Wani lokaci kuma ba jaka, sai ta ce mata ta koma gidan gwaggonta da ido a rufe, ta faɗo abin da ke kowane ɗaki. Yarinyar ta ƙware har takan tuna wace kujera ce ke ƙara.

Uwar ta miƙa wa nas Auta, ta durƙusa a gaban 'yarta a kan siminti. Da ƙyar ta saita muryarta.

"Aku, ba dukanki zan yi ba. Wasanmu za mu yi. Rufe ido."

Yarinyar ta dube ta, ta dubi tsohuwar benci, sannan ta rufe. Uwar ta tambaye ta a ina take zaune da Umma ta fita. Leɓunanta suka motsa: a ƙasa, kusa da keke, zare na manne mata a ƙafa. Me take ji a kunne? Rediyon maƙwabta. A hanci fa? Ta ɗan ja numfashi, ta ce warin man keke.

 Man keke a aljihun tebur yake, inda uwar ke watsa allurai da reza da duk wani tarkacen gida. Ta haɗiye ihun da ya taso mata, ta tambaya a hankali me ke hannunta.

"Wani abu ƙarami. Zagayayye. Da sanyi."

Uwar ta tsinke maɓallin rigarta da haƙori ta ɗora mata a tafin hannu. Aku ta murza shi, ta girgiza kai: wannan yana da huji, kuma ba sanyi. Nas ta zaro kwabo daga aljihu. Aku ta shafa gefensa ta ce a'a, wannan yana da kaushi, wancan sumul yake kamar bayan cokali.

"Sai kika yi yaya da shi?"

Hawaye suka fara ɓullowa ta ƙarƙashin rufaffun idanun. "Na lasa. Sai ya ɗan cije ni a harshe. Sai na ba Auta shi ma ya ji."

Likitan da ke tsaye a bakin ƙofa ya riga ya ciro wayarsa. Daidai nan mijin ya faɗo ciki yana haki, makullin mota a hannu. Likitan ya karɓa, ya ɓalle murfin rimot ɗin buɗe motar da ke jikin makullin da farce, ya ciro ɗan batirin ciki mai kama da kwabo, ya ajiye a hannun yarinyar. Ba ta buɗe ido ba. Ta juya shi sau ɗaya tsakanin yatsu.

"Shi ne."

Mijin ya dafa bango. Shi ya canza batirin kwanakin baya, ya jefa tsohon a aljihun tebur. Likitan bai ba shi damar magana ba. Ya ce batir yana ƙona nama tun yana maƙale, su kama hanya yanzu, za a jira su a ƙofa.

A mota uwar ta rungume Auta tana kiran sunan Allah, tana leƙa fuskarsa duk bayan numfashi. Mijin na danna hon kamar zai fasa shi. A babban asibiti ba su ga layi ba. Daga hannunta aka karɓe shi, ƙofa ta rufe.

An ciro batirin, ya yi baƙi. Likitar da ta yi aikin ta ce ya riga ya ƙona wurin, amma bai huda ba. Auta ya yi makonni a kwance ana ba shi abinci ta siririn tiyo, kuma aka ce za su riƙa dawowa ana duba maƙogwaron, don tabon yana iya matse hanya. Ɗinkunan mutane suka tafi hannun wata tela.

Aku na gidan gwaggonta duk tsawon lokacin. Ranar da aka kawo ta dubiya ta toge a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi shiga, duk yadda uwar ta kira ta. Sai da Auta ya hango ta ya miƙo hannu, yana ƙoƙarin kiranta da dasasshiyar murya. Ta cire takalmanta, ta hau gadon a hankali, tana kaffa-kaffa da tiyon.