Murhun da Ba Ya Jiran Mai Gida

"Daga hagu, Esenbek, daga hagu! Za ka fasa masa gilashi," in ji Burul, tana riƙe da ƙofa yayin da mijinta ke kokawa da murhun.

Murhun tsohon hannu ne, 'yar maƙwabcinsu Baba Toktosun ta saya a birnin Bishkek ta aiko wa mahaifin nata. Shi kuwa tsohon yana zaune a kan kujera, sanda tsakanin gwiwoyi, yana harararsa kamar an kawo masa baƙon da bai gayyata ba.

Burul mace ce mai son sanin ƙwaƙwaf, ko rediyo ba ya tsira daga hannunta. Ta kwance buhun da ya zo tare da murhun, ta ɗebo 'yan ƙwayoyin dusar katako ta shinshina.

"Baba, wannan ai kashin awaki ne aka yi wa wanka."

"To da na sani, da na tara nawa," ya ce.

Esenbek ya huda bango ya fitar da bututu, ya jona wuta, ya juye buhu biyu a cikin rumbun da ke saman murhun. Can sai suka ji ƙas, ƙas, ƙwayoyin suna faɗawa wuta da kansu. Burul ta durƙusa ta ƙura ido.

"Wa yake ba shi?"

"Shi ke ciyar da kansa. Kwana biyu ba ruwansa da kowa," in ji mijin.

Abin ya burge ta, har ta manta da wata magana. Shekara tara ke nan tun rasuwar matar tsohon, kullum da safe Burul ba ta hura nata murhun sai ta leƙa taga. In baƙin hayaƙin kwal ya tashi daga rufin Baba Toktosun, to ya farka lafiya. In bai tashi ba, ta yafa mayafi ta ƙetara. Haka duk unguwar ke yi wa tsofaffinta, ba wanda ya taɓa zama ya tsara.

Washegari ta leƙa, ba hayaƙi. Ta ruga da takalmi ɗaya a ɗaure, ta tarar da shi yana shan shayi da riga mara nauyi.

"Kin zo ɗaukar gawa? Sai ki dawo wani makon."

"Baba, ban ga hayaƙi ba."

Ya fito da ita ya nuna bakin bututun da sanda. Iska ce kawai ke rawa a wurin saboda zafi. Daga ranar ita take dubawa, har tana yi wa maƙwabta alfahari da idonta.

Wata Talata ta ga iskar tana rawa, ta koma ga kwaɓin burodinta. Laraba ma haka. Sai da ta fita zubar da toka ta lura dusar ƙanƙarar da ta sauka tun Litinin tana nan sumul a tsakar gidan tsohon. Babu sawu ko ɗaya, ko zuwa bayan gida.

Ta ƙetara ta tura ƙofa. Ɗakin da ɗumi. Yana kan kujerarsa, kofin shayi a gefe ya yi fata, hularsa a cinya. Ta kira shi sau biyu, sannan ta taɓa hannunsa. Ƙas, ƙas, murhun ya ci gaba da aikinsa. Baƙin ciki ya kama ta, da kunya, don kwana biyu tana gaida murhu tana cewa mutum ne.

Da maza suka kafa tantin makoki a tsakar gida, mata suka rasa inda za su ɗora tukunyar abincin baƙi. Wata ta tuna da tsohon murhun da aka jingine bayan ɗaki, aka jawo shi aka cika da kwal.

Burul ta ƙetara gida ɗauko kofuna. Tana tsaye a bakin tagarta, hannu cike, ta ga baƙin hayaƙi yana tashi a miƙe daga gidan Baba Toktosun.