Wuyan Auta

Likita ya juyo da kwamfutar wajen Tela, ya ɗora bakin biro a kan hoton wuyan yayanta. Ita dai ba ta ga komai ba sai wasu fararen layuka da suka nannaɗe, kamar zare ya sarƙe a keken ɗinki.

"Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ke nan," in ji shi. "Nasa a murɗe suke, ga su ba ƙwari. Wannan ta tsage, shi ya sa hannunsa ya mutu, bakinsa ya karkace. A gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka?"

Akwai mana. Babansu a bakin famfo ya yanke jiki ya faɗi, ko furfura bai fara ba. Gwaggonsu ma haka. Aka ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Da ta faɗa masa, likita ya ce, "To, gado ne. Duk ku da kuke ciki ɗaya sai an duba ku. Kafin nan kada wanda ya ɗauki kaya mai nauyi. Kada kuma a murɗa wa kowa wuya, ko da wasa."

Tela ta miƙe zumbur. In akwai abin da mazan gidansu suka ƙware a kai, to murɗa wuya ne. Da sun taso daga wajen walda sai wannan ya kama haɓar wancan ya juya, ka ji ƙas, a ce gajiya ta fita. Ƙaninsu Auta kuwa abin ya zame masa jaraba, ba ya sauka daga kujerar mai aski sai an yi masa hagu da dama. Ga shi ɗazu, da ya kasa zama wuri ɗaya a asibitin, cewa ya yi bari ya je ya rage suma ya dawo.

Ta kira wayarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira tana sauka daga bene, shiru. Mutumin da ko banɗaki da waya yake shiga, yau ce ranar da ya ga dama ya ajiye ta!

Tasin da ta tare bai yi nisa ba ya maƙale a cunkoso. Ta fita ta kama gudu, takalmi a hannu, tana ture masu talla, ba ta ko tsayawa ba da haƙuri.

Tun daga waje ta hango shi ta gilashin shagon. An gama askin, an cire masa ƙyallen wuya. Mai aski ya ɗora hannu ɗaya a tsakar kansa, ɗayan a ƙarƙashin haɓa.

"Sake shi!"

Mai aski ya ja da baya, hannuwa a sama. "Lafiya, baiwar Allah?"

"Haba Yaya," in ji Auta, "so kike ki kore wa mutum kwastomomi?"

Tana haki ta faɗa masa abin da likita ya ce: jijiyar, gadon, Baba, Gwaggo, murɗa wuya. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya daɗe yana kallon hannuwansa a kan cinya.

"Da safe Yaya Babba ya ce wuyansa ya riƙe," ya ce. "Ya ce in zo in yi masa. Yaya, ni na..."

Ya fara girgiza kai da ƙarfi, yana maimaita ni ne, ni ne. Tausayinsa ya kama ta, amma ba lokacin kuka ba ne. Ta yar da takalman, ta sa tafukanta biyu ta riƙe kansa gam har ya tsaya.

"Da ciwon aka haife shi, da shi aka haife mu," ta ce. "Tashi mu je a duba ka. A hankali, Auta. Ko an kira ka, kada ka waiwaya."