Ɓangaren Hagu

Ƙuri'a ce ta jefa Innarmu ɓangaren hagu. Haka likitar mai tabarau ta gaya mini, kai ka ce rabon fili ake yi.

Bincike suke yi a ɗakin marasa lafiyar da likitoci suka riga suka fid da rai da su. Sun raba ɗakin biyu da labule. A dama akwai kujera a bakin kowane gado, ɗan uwa ya wuni in ya ga dama, nas tana zuwa tana juya mutum tana jiƙa masa leɓe da auduga. A hagu kuwa sai yadda aka saba: a shigo da yamma, a kaɗa ƙararrawa, a kore mu kamar kaji. Wai so suke su gani ko sabuwar hanyar ta fi. Ikon Allah, sai an yi bincike kafin a san mai mutuwa tana son 'yarta kusa?

Inna ba ta tsoron mutuwa, ta sha faɗa. Tsoronta ɗaya, kada ta zo ba kowa a kanta. Tun tana iya magana ta sa na yi mata alkawari, ni kuma da saurin bakina na ɗauka.

Na rufe shagon ɗinkina na bi likitar har ofis. Na roƙa, na yi kuka, na yi masifa, na dawo na ba da haƙuri. Ga gado a dama ba kowa a kai, da idona na gani. Abin da ya fi ƙona mini rai, matar ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da na wanke ta tas na huce. Ta ba ni ruwa na sha, ta ce in ta matsar da mutum ɗaya don tausayi binciken ya lalace, shugabannin asibiti ba za su yarda da sakamakon ba, iyayen da za su zo nan gaba su za a cuta. Na ce iyayen nan gaba ba su suka haife ni ba.

Sai na koma zaman baranda. Akwai wata taga da nake hango ƙafafun Inna ta ciki, ƙafafun kawai. Mai gadi har ya saba da ni, yana tsokanata wai na fi shi zuwa aiki. Da yamma in na shiga, Inna takan kama gefen rigata ta riƙe gam. In an kaɗa ƙararrawa, ni da hannuna nake ɓamɓare yatsunta.

Da hantsi abin ya faru, ina tsaye ina kallon ƙafafun. Ban ga sun yi komai ba. Sai da nas ta zo ta ja mayafi ta rufe su sannan na gane. Bango ɗaya ne tsakaninmu.

Bayan wasu watanni likitar ta kira ni a waya, murya a sanyaye. An gama binciken, sabuwar hanyar ta fi, nesa ba kusa ba. Shugabanni sun yaba ƙwarai, amma sun ce ma'aikata ba za su isa ba. An cire labulen, an kwashe kujerun, ɗakin duka ya koma hagu.

"Amma mahaifiyarki ta taimaka," in ji ta. "Da irinsu muka ga bambancin."

Ban da ƙarfin faɗa kuma. Na tambaye ta abu ɗaya, ko Inna ta kira ni a ƙarshe. Sai ta ce:

"Baiwar Allah, ba a zama da na hagu. Ba wanda ya ji."