Niƙabin Aro

"Ba zan sa ba, ranka ya daɗe," in ji Fiddausi.

Niƙabin yana kan teburin Malam Bishir, daraktan sashen kwamfuta na jami'ar, sabo fil cikin ledarsa. Ya ƙara turo mata shi da bakin biro. Ba ta ko miƙa hannu ba.

An kafa doka cewa duk ma'aikacin ofis da na fasaha sai ya yi kwas ya ci jarrabawar ƙwarewa a kan kwamfuta kafin a ƙara masa girma. Hajiya Ummusalma, babba a ofishin rajistara, ta sha zama tana faɗuwa. A cibiyar da ake jarrabawar a Kankiya, mai niƙabi 'yar'uwarta mace ce ke duba fuskarta a bayan labule, kuma an riga an gama magana da mai dubawar. Abin da ya rage shi ne a samu mai tsawon Hajiya, mai saurin yatsu. Fiddausi kuwa ta ci jarrabawar tun shigarta aiki, ita ce ma ke koya wa sauran ma'aikata bayan la'asar.

Malam Bishir bai ɗaga murya ba. Ya tuna mata cewa Hajiya sa'ar uwarta ce, ta tsufa a aikin nan tun ana buga takarda da tafireta, kuma ba wanda zai cutu. Ta ce masa in Hajiya na so za ta zauna da ita kullum har ta iya, amma ba za ta amsa sunan wata a ɗakin jarrabawa ba, balle ta mai da niƙabi kayan sata.

"Ɗiyata, taurin kan nan ke zai ci, ba ni ba."

"To ya ci ni, ranka ya daɗe."

Ba a kore ta ba, ba a ko tuhume ta ba. Sai dai da lokacin babban horo ya zo, wanda da shi ake sabunta takardar ƙwarewa kafin wa'adinta ya cika, daraktan bai sa mata hannu ba. Bayan nan aka ce ƙaramar cibiyar karatu ta jami'ar a Kusada tana bukatar ƙwararriya, kuma ba wanda ya kai ta.

Ɗaki guda ta tarar, da kwamfutoci a lulluɓe, da janareta da ba a aiko masa mai. Zanzaro ya yi gini a bayan wata kwamfutar. Ta koma gidan mahaifinta a ƙauyen Boko, tana hawa acaɓa kullum, damina ta jiƙe, rani ta ƙone. Mahaifin nata, Malam Dauda, ya saurari labarin yana gyaran ƙotar fartanya. Daga baya ya ce mata bai ga laifinta ba, amma kada ta zauna jiran wanda zai zo ya gode mata.

Ba ta jira ba. Kowace safiya takan buɗe ɗakin, ta yaye lulluɓin, ta goge, ta zana wa ɗaliban da suka leƙo madannan kwamfuta a allo, su yi ta buga yatsu a kan benci.

A can jami'a aka samu mai sa niƙabin. Jamilatu ce, wadda Fiddausi ta koya wa kunna kwamfuta. Hajiya ta ci jarrabawa, ta raba dambun nama ofis-ofis. Jamilatu ta tafi horo, ta dawo da ƙarin girma.

Ita aka turo duba cibiyar Kusada, a motar jami'a. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa zama. Ta ce Hajiya ba ta riƙe kowa a zuci ba, kuma akwai jarrabawar mataki na gaba, mai wuya, wadda ita Jamilatun ba za ta iya ba. In Fiddausi ta yarda, daraktan zai sa hannu, ta koma kujerarta.

"Anti, don Allah ki sassauta. Takardarki hwa watan nan za ta mutu."

Fiddausi ta dubi kwamfutocin. Yatsunta sun fara mantuwa, ta sani, domin ko jiya sai da ta tsaya tunanin abin da a da take yi ido rufe.

"Ki gaishe da Hajiya," ta ce. "Ki ce mata ina nan in tana son karatu."

Motar ta juya ta kama hanyar Kankiya.

Takardar ta mutu a watan. Ƙarin girma ya wuce Fiddausi, ya sake wuce ta. Yanzu ko hutu take so sai Jamilatu ta sa mata hannu. Tana nan Kusada, tana tsaron kwamfutocin da ba sa kunnuwa, kuma sana'ar da ta fi kowa iyawa tana zubewa daga hannunta.